Sai Doki Ya Sha

Babana ba ya shan ruwa sai dokinshi ya sha. Da haka na buɗe ido na tarar da shi, kuma ban taɓa ganin ya karya wannan ɗabi'a ba. Ko daga gona ya dawo, maƙogwaro a bushe, Inna ta tarye shi da moɗa, sai ya ɗaga mata hannu ya wuce turke. Ya duba komin shan dokin, ya zuba ruwa, ya tsaya har dokin ya ɗago kai don kanshi, sannan ya dawo ya karɓi moɗar. Muna yara mun tambaye shi dalili. Ya ce dabbar da ka ɗaure ba ta da ƙafar zuwa rijiya, ba ta da bakin cewa ƙishi take ji, kuma wanda ya ɗaure ta shi za a tambaya gobe ƙiyama. Ya ce shi mutum ne mai mantuwa, shi ya sa ya haɗa ƙishinshi da na dokin: in nashi maƙogwaron ya bushe, ya san na dokin ya riga shi. Da azumi kuwa, duk alwalar da zai yi sai ya fara leƙa komi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gidan Amumune da Mayahi, ƙasar yashi, inda rijiya ke da zurfin da sai an sa bijimi ya ja wasaki. Dawakai sun ƙare a garin tun da moto, wato babur, ya shigo, saura na Baba shi kaɗai. Ingarma ne bidi, mai baƙin hali, wanda ba ya yarda kowa ya kama ragamarshi in ba Baba ba. Ni kaina ya taɓa kai mani cizo a kafaɗa, kuma wallahi ban taɓa yafe mashi ba sai ranar da zan ba da labarinta. Safe da la'asar Baba zai ja shi zuwa tsohuwar rijiya bayan gari, inda makiyaya ke shayar da shanu, ya sha, ya kuma ɗoro mashi na tsakar rana ya zuba a komin icce da ke gindin turke. Turken kuwa yana manne da bangon ɗakin Baba, don ya riƙa jin motsin dokin ko yana kwance.

Mu biyu Allah ya raya masu, ni da ƙanena. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mani, shi ya sa yake kirana Uwata, kuma yakan ce har kaifin bakinta na gado. Ban yi musu ba, domin ni ban iya ganin abu in yi shiru ba, kuma ban iya shafa wa magana zuma ba. Ƙanena kuwa ruwan sanyi ne, ko yatsa ka sa mashi a baki ba zai ciza ba. Kabu-kabu yake yi da moto a Gidan Amumune, wani lokaci kuma ya ɗauko esansi, wato man fetur, a bido, jarkar roba, daga wajen iyaka ya kawo wa masu sayarwa a kwalba. Ni aure ya kai ni Tasawa, ina karantar da yara a lekol, makarantar boko.

A tsakiyar bazara ciwon ya kama Baba, irin zafin nan da ko kaji sai su buɗe baki su kwanta gindin randa. Ya tashi daga sallar asuba sai ya faɗi, ɓarin jikinshi na dama ya shanye, baki ya karkace. An kai shi gidan likita a Mayahi, aka dawo da shi gida da magani. Ni ban samu zuwa ba sai bayan wasu kwanaki, da aka samu wadda za ta riƙe mani aji. Da na shiga ɗakin na gan shi, sai tsoro ya kama ni. Ba shanyewar ce ta tsorata ni ba, wannan an riga an faɗa mani a waya. Leɓunanshi ne suka tsattsage, idanu suka zurma, harshe ya bushe. Inna ta ja ni waje ta ce ba ya sha. In an kawo moɗa sai ya tattaro ƙarfinshi ya ce, "Ya sha?" In aka yi shiru ya juya kai bango.

Dokin ne ba ya sha. Tun da Baba ya kwanta ba mai iya jan shi zuwa rijiya, sai ƙanena ya ɗauki nauyin kawo mashi ruwa daga foraj, famfon burtsatsen gari, a bayan moto, kullum ba fashi, ya cika komi fal. Bidin zai sunkuya ya sunsuna, ya ɗan jiƙa baki, ya ɗago ya yi tsaye. Abin da yake sha bai fi na tsare rai ba. Ƙanena ya gwada yi wa Baba ƙarya, ya ce ya sha har ya rage. Baba ya dube shi da idon da ke buɗewa sosai ya ce, "Ban ji ba." Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sauraren doki ta bayan bango ya san ƙarar haɗiyarshi, ya san ƙarar fitsarinshi a ƙasa.

Likitan da ke zuwa daga Gidan Amumune ya sa wa Baba ƙarin ruwa, ya kuma faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye: wannan ba zai wadatar ba a zafin nan, in tsohon bai koma sha da bakinshi ba, ƙodarshi za ta tsaya. Liman ya zo ya zauna kusa da shi, ya yi mashi nasiha da taushin murya, ya ce abin da ya ɗora wa kanshi ba farilla ba ne, kuma Allah bai yarda bawa ya cuci ranshi ba. Baba ya ji maganar liman, ya kurɓi abin da zai haɗiye magani da shi, ya mayar da kai bango. Ni ban yi taushin murya ba. Na ce mashi wannan taurin kai ne, na ce zai mayar da Inna gwauruwa saboda dabba, na ce da ni ce da iko da tuni an kai dokin nan kasuwa kowa ya huta. Hawaye ne kawai suka gangaro mashi ta gefen da ya shanye, na fita ina jin haushinshi ina jin haushin kaina.

Mutanen gari kuwa sun riga sun gama fassara abin. Cewa suke dokin jimamin ubangidanshi yake, ya rantse ba zai sha ba sai daga hannunshi. Maganar ta yi daɗi a baki, ta zaga har ƙauyukan kusa. Masu zuwa gaishe da Baba sai sun biya turke sun tsaya, suna girgiza kai suna cewa dabba ma ta san amana. Wata tsohuwa har da kuka. Kowa kuma yana son ya nuna wa bidin tausayi, sai a zo mashi da damin harawa busasshiya, wani ya kawo dusa, wani ya watsa mashi gero. Yana ci kuwa, tun da yunwa ba ta san jimami ba, busasshe a kan busasshe. Wani dattijo ya ce a jefa kanwa a komi, ita ke sa doki sha. Aka jefa. Wani ya kawo rubutu aka zuba. Ni ma na yarda da zancen jimamin, tun da kowa shi yake faɗi, kuma ban tsaya na tuna cewa ruwa ba ya tsami banza ba.

Abin da na iya gani da idona shi ne dokin yana lalacewa. Baba ya koya mana tun muna ƙanana yadda ake gane ƙishi a jikin doki: ka tsunkuli fatar wuyanshi ka saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tsunkule akwai matsala. Yanzu bidin ba shi da ƙarfin cizo, sai na matsa na tsunkula. Fatar ta tsaya kamar an naɗe tsumma. Na ɗaga leɓenshi, dasashin ya bushe yana kama yatsa. Kashinshi ya koma 'yan ƙanana masu tauri, daga baya ma ya daina fita gaba ɗaya. Wata safiya ya fara tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen cikinshi, yana kwanciya yana tashi, har ya soma birgima yana dukan bangon ɗakin. Ƙanena ya ce kada Baba ya ji wannan, ya tara maza suka kwance shi suka kai shi bayan gida gindin gawo. Wannan karon bai yi gardama ba, ya bi su kamar tunkiya.

Shirun da ya biyo baya ya fi dukan bangon muni. Baba ya kasa kunne, bai ji komai ba. Aka kawo moɗa, ko tambayar bai yi ba. Kafin hantsi zazzaɓi ya rufe shi, ya shiga wani irin barci mai nauyi, ana kira ba ya amsawa. Ƙanena ya hau moto ya ɗauko likita, aka sake rataya mashi ƙarin ruwa.

Da azahar ta yi na je randa in cika buta, na tarar babu ko ɗigo. Ruwan cikin gida mata ke ɗebo shi a bokiti daga foraj su juye a randa, ranar kuwa hankalin kowa ya tashi, ba wadda ta je. Sai na hango bido biyu masu launin ruwan ɗorawa a inuwar rumfa, na dokin, waɗanda ƙanena ya sauke da safe. Na tsiyaya a buta na tsuguna. Na wanke hannu, na kai ruwa baki in kurkure.

Na tofar da shi tun bai kai maƙogwaro ba. Esansi. Ba mai yawa ba, ido ba ya ganinshi, amma yana nan a harshe yana kuma hawa hanci, bido kuma ya sha rana ruwan ya yi ɗumi, warin ya ƙara tashi. Na sake kurɓa don in tabbata, na sake tofarwa. Na tashi da butar na je komi, na sa hanci a iccen, shi ma ya riga ya tsotse warin. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da nake mutum na kasa riƙe shi a baki, ina ga doki, wanda ko guga aka canza mashi sai ya sunsuna.

Na tarar da ƙanena a zaure yana shirin alwala. Na miƙa mashi butar na ce ya kurkure baki. Ya kurkure ya ce bai ji komai ba, kuma gaskiya ya faɗi: mutumin da ya wuni cikin esansi, tufarshi esansi, hannunshi esansi, hancinshi ya daɗe da mutuwa. Na tambaye shi mi yake zubawa a bidon nan kafin ruwa. Ya amsa cewa esansi ne. Ya ce amma ai ya wanke su, da omo da yashi, har ya shanya su a rana. Abin da na faɗa mashi a zauren nan ba zan maimaita ba, maƙwabta sun ji, ya isa. Ya zauna a ƙasa dirshan ya riƙe kai, sai ga ƙaton namiji yana kuka, yana cewa shi ya kashe su duka biyu. Nan na bar faɗan. Wannan yaron ne kullum ya bar fasinja ya yi jigilar ruwa, ba wanda ya sa shi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ya tashi ya tahi Mayahi ya ɗauko likitan dabbobi, kuka ya jira.

Na yi sallata da taimama, na ɗauki tulun Inna da gammo na nufi tsohuwar rijiya. Rabona da ɗaukar tulu tun ina budurwa, kuma yashin ranar yana cin ƙafa ta cikin takalmi. Makiyaya na can suna shayarwa. Da na ce ruwan dokin tsoho nake so, ba su bari na jira layi ba, wasakin da ya fito a tuluna aka juye shi. Wuyana ya yi ƙara a hanya, na yi tuntuɓe, na zagi yashi, na zagi foraj, na zagi wanda ya ƙago bido, amma ban zubar ba.

Bidin yana kwance gindin gawo, gumi ya bushe a jikinshi ya bar fari-fari. Ban taɓa komin ba. Babbar ƙwaryar Inna ta damun hura na ɗauko, na zuba, na ajiye gaban hancinshi. Ya daɗe yana sunsunawa. Sai kunnuwanshi suka miƙe, ya yunƙura, ya dafa ƙafafun gaba, ya tashi yana tangaɗi, ya tsoma baki. Na ji ƙarar haɗiyar nan da Baba ke jira, ina kallon ruwan yana bin wuyanshi. Na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ina janye ƙwaryar, kamar yadda Baba ke yi in dokin ya dawo daga tafiya da zafi. Ya sha har tulun ya ƙare, ya goga jiƙaƙƙen bakinshi a kafaɗata, daidai inda ya taɓa cizona. Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba.

Da gudu na shiga ɗaki in faɗa wa Baba. Na durƙusa na ce ya sha, na faɗa a kunnenshi, na maimaita. Yana can cikin barcin zazzaɓi, bai ji ni ba.

Likitan dabbobi ya iso bayan la'asar. Ya sa kunne a jikin tumbin dokin, ya daɗe, ya ce bai ji motsi ba. Ya bayyana mana cewa hanjin doki sai da ruwa yake tafiya, busasshen abincin da aka yi ta tura mashi ya dunƙule a ciki ya toshe hanya, kanwar kuma ta ƙara mashi ƙishin da ba shi da abin kashe shi. Ya zura mashi tiyo ta hanci ya ɗura ruwa da mai, ya yi mashi allurar rage zafin ciwo, ya ce mu riƙa zagayawa da shi a hankali. Ya yi iya ƙoƙarinshi, bai kuma zargi kowa ba, amma ya ce da an kira shi tun ranar da kashin ya fara tauri da magana ta canza. Mata suka yi ta jigilar ruwan rijiya, ƙanena ya riƙe ragama yana zagaya gawo da shi. Washegari da hantsi bidin ya kwanta, ya miƙe ƙafafu, bai sake tashi ba.

Ana cikin jan gawarshi zuwa daji da amalanken shanu zazzaɓin Baba ya sauka. Inna da ƙannen Baba suka haɗa baki a tsakar gida cewa kada wanda ya faɗa mashi, a ce dokin yana bayan gida yana samun sauƙi. Aka juyo kaina musamman, aka ce in kama bakina ko sau ɗaya a rayuwata. Na ce to. Muka shiga, kowa ya yi mashi sannu, ɗaya daga cikin ƙannen Baba ya fara zancen samun sauƙin. Baba bai dube shi ba. Idonshi ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kaina.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ya tahi?"

Inna ta taka mani ƙafa. Na dubi tsattsagen leɓunan nan, na ga in na yi mashi ƙarya zai gane, kuma daga nan ba sauran wanda zai yarda da maganarshi a gidan.

"Ya tahi, Baba. Ɗazu da hantsi."

Ya rufe ido. Leɓunanshi suna motsi, na san salati yake. Ni kuwa na ɗauka na gama da shi. Da ya buɗe ido sai ya yi tambayar da ya yi ta yi tun da ya kwanta.

"Ya sha?"

"Ya sha. Ruwan tsohuwar rijiya, a ƙwaryar Inna, da hannuna na ba shi. Ya sha har ya ƙoshi."

Ya daɗe yana kallona, yana auna maganar. Sauran bayanin yana nan a kan harshena, na bido da esansi da duk abin da ya faru, amma na danne shi. Ban sani ba ko wani ya riga ya yi zancen a kusa da shi yana cikin zazzaɓi, ko kuwa shi ya haɗa da kanshi da ya ji na ce rijiya da ƙwarya. Har ya bar duniya bayan kakar shekarar ban tambaye shi ba. Abin da na gani shi ne ya sauke ajiyar zuciya ya ce a kawo ruwa. Inna ta zabura ta ciko moɗa tana hamdala, ta durƙusa za ta ba shi, sai ya ɗaga mata hannun hagu, kamar yadda yake yi in ya dawo daga gona. Ya nuna bakin ƙofa.

Ƙanena ne a can, a raɓe jikin bango, bai iya shigowa ba. Na ce mashi Baba na kira. Ya shigo kai a ƙasa, Inna ta miƙa mashi moɗar, ya tallafo kan Baba a cinyarshi, moɗar tana ɗayan hannunshi. Daga inda nake durƙushe ina jin warin esansi a hannun nan, kamar kullum, kuma na tabbata Baba ma ya ji. Ya kama wuyan hannun da hannunshi mai lafiya, ya jawo moɗar zuwa bakinshi, ya sha har ƙasa, ya ce a ƙaro.